Kilinik ɗin fisiyo da na je kan sagewar hannu: abin da ya burge ni da abin da ya ɓata min rai

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman teloli da masu kitso da masu gyaran waya da duk wanda sana'arsa ta sunkuyo ce. Tunda hannun nan ya fara sauƙi mutane ke ta tambayata wai ina na je, nawa na kashe, allura aka yi min ko aiki, to bari in rubuta a wuri ɗaya kowa ya karanta. Kilinik ne na gashi mai zaman kansa a nan cikin Kano, ƙarami ne, 'yan gadaje ne da labule a tsakani, kuma in maki zan ba su cikin biyar to huɗu zan ba su. Huɗun nan kusan duk na mutum ɗaya ne, likitan fisiyo ɗin, wato mai magani ta hanyar motsa jiki da gashi, da ya duba ni ya zauna yai min bayani, ɗayan da na riƙe kuma na tsarin wurin ne, zan zo kansa. Ba zan kama sunan wurin ba don ba talla nake musu ba kuma akwai ƙorafi a ciki, abin da nake so ku ɗauka shi ne yadda za ku gane wurin kirki in kun shiga, ko a wane gari ne.

Ni tela ne, ɗinkin maza nake yi, kaftani da 'yar shara da aikin wuya. Abin ya fara min ne a hannun dama, ƙaramin yatsa da na kusa da shi sai su mutu, sai wani zugi ya biyo ta cikin hannu ta ɓangaren da ke kallon jiki har hammata, ga nauyi tsakanin wuya da kafaɗa, wani lokacin har ƙeya ta ɗauki ciwo. In na ɗaga hannu zan rataye kaya a hanga ta sama, ko na riƙe ƙarfen adaidaita sahu, nan take yake tashi. Wanda ya fi damuna shi ne addu'a, liman na alƙunut kowa hannunsa a sama ni nawa ya yi nauyi ya sage dole in sauke. Sai almakashi ya fara kuɓuce min, zura zare a allura ya zama aiki, da daddare kuma in farka hannu babu ji sai na yarfa shi na yarfa kafin ya dawo. Gaskiya na tsorata, tunanina duk ya tafi kan shanyewar ɓarin jiki.

Kun san mutanenmu, wannan ya ce sanyi ne, wancan ya ce a yi ƙaho, mai kemis ya ba da diclofenac da man zafi. Maganin na kwantar da zugin na ɗan lokaci amma yatsun suna nan a mace, kuma irin waɗannan magunguna in an daɗe a kansu suna jawo gyambon ciki suna taɓa ƙoda, dan Allah a kiyaye. Wani likita a asibitin gwamnati ne ya auna jinina da suga, ya sa na yi hoton wuya, ya ce bai ga abin tashin hankali ba, in nemi masu fisiyo. Haka na faɗa wurin nan.

Zuwan farko shi ne ya sa na yarda da su. Na zata ina shiga za a kwantar da ni a kunna min fitilar nan mai jan haske a sallame ni, sai bawan Allahn nan ya ja kujera ya zauna yana min tambayoyi, wace sana'a, awa nawa a kan keke, ta wane gefe nake kwanciya, ina nake saka waya in kwastoma ya kira ina tsaka da ɗinki, na taɓa faɗuwa a babur ko karaya a ƙashin wuya, hannun na kumbura ko canja kala. Ya ce in cire riga. Muna hira yana kallona ashe ba fuskata yake kallo ba, can sai ya ce, Malam ka san da wuya kake numfashi? Na ce Likita wane irin da wuya kuma. Ya kai ni gaban madubi ya ce ja numfashi yadda ka saba. Wallahi sai na ga kafaɗuna sun tashi sama, jijiyoyin gefen wuyana sun miƙe sun fito raɗau, ciki kuwa ko motsi bai yi ba, ƙasan haƙarƙari ma shiru. Shekara da shekaru ina kallon madubin shago ina gwada wa mutane kaya ban taɓa lura da wannan a jikina ba.

Daga nan ya shiga gwaje-gwaje. Ya ƙwanƙwasa bayan gwiwar hannu inda wata jijiya ke wucewa, ya lanƙwasa wuyan hannu ya riƙe, ya karkatar min da kai ya danna a hankali, ya ce yana so ya ware ne ko matsalar daga faifan ƙashin bayan wuya take, ko daga gwiwar hannu, ko daga wuyan hannu. Ya ce matsewar wuyan hannu da mutane suka fi sani babban yatsa da manuniya da na tsakiya take kashewa, nawa kuma na can ƙarshe ne. Ya auna jini a hannu biyun, ya ji bugun jijiya a wuyan hannu yana juya min kai. Sai ya sa na ɗaga hannuwa biyu na lanƙwasa gwiwa kamar wanda aka ce ya miƙa wuya, ina dunƙulewa ina buɗewa, ya ce minti 3 ake so. Na hagu lafiya lau, na dama kuwa ban je ko'ina ba ya mutu ya faɗo. Gwajin Roos ake ce masa, sunan wani likitan tiyata ne na birnin Denba a Amurka, David Roos. Ya kuma danna ramin nan da ke saman ƙashin wuya, sai na ji abin ya tsarga har ƙaramin yatsa, irin dai wanda nake ji a shago sak.

Abin da na yaba a nan shi ne bai cika baki ba. Ya ce gwaje-gwajen nan ko mai lafiya wani lokacin suna nuna masa alama, shi ya sa ba a dogara da guda ɗaya, sai an haɗa da labarin mutum an kuma kawar da sauran cututtuka. Ya ce alamu sun fi karkata ga abin da likitoci ke kira TOS a taƙaice, wato matsewar jijiyoyi a mashigar da ke tsakanin wuya da ƙirji, kuma in an yi wasu makonni babu canji zai mayar da ni wajen likitan jijiya.

Ya ɗauko ƙwarangwal na roba ya nuna min, kuma wannan bayanin shi kaɗai ya isa kuɗin katin. Jijiyoyin laka guda biyar ne ke fitowa daga ƙashin bayan wuya su haɗu su zama dami guda su gangara hannu, tare da manyan jijiyoyin jini biyu, mai kai jini da mai dawo da shi. Kafin jijiyoyin lakar su isa hannu sai sun bi ta wurare uku masu ƙunci. Na farko tsakanin wasu tsokoki biyu na gefen wuya da ake kira sikalin, na biyu tsakanin ƙashin wuya, wannan da ke fitowa in mutum ya rame, da haƙarƙari na farko da ke ɓoye a ƙarƙashinsa, na uku kuma ƙarƙashin wata 'yar tsokar ƙirji kusa da hammata. Duk inda ya ƙara tsukewa a cikin ukun nan jijiya za ta ji a jikinta, kuma reshen da ya fi zama a ƙasa, wanda ke kwance a kan haƙarƙarin, shi ne mai zuwa ƙaramin yatsa, shi ya sa su ke fara mutuwa. Ya ce sama da kashi 90 cikin 100 na masu TOS jijiyar laka ce ke matsewa irin nawa, na jijiyar jini kaɗan ne amma sun fi haɗari. Wasu kuma da ƙarin haƙarƙari a wuya ake haihuwarsu, kamar mutum 1 cikin 100 ko ƙasa da haka, an fi samu a mata, kuma da yawansu har su tsufa ba su san da shi ba. Hotona dai babu shi.

To ina ruwan numfashi da wannan? Nan ne fa maganar take. Akwai wata faffaɗar tsoka da ta raba ƙirji da ciki, dayafiram, ita ce asalin mai aikin numfashi, in ta ja ƙasa huhu ya cika, ƙasan haƙarƙari ya buɗe ta gefe da baya, ciki ya ɗan taso. Tsokokin sikalin ɗin nan kuwa a jikin haƙarƙari na farko da na biyu suke manne, aikinsu su taimaka, musamman in mutum na gudu ko yana haki. Amma wanda ya wuni a dunƙule a kan keke, ciki a matse, kai ya zuro gaba wajen allura, ga fargabar kwastoma zai zo kaya ba su gama ba, dayafiram ba ta samun wurin motsi sai wuya ya karɓi aikin. Babban mutum na numfashi sau 12 zuwa 20 a minti, a wuni da kwana wajen sau 20,000 ke nan. Ku ƙiyasta, sau 20,000 tsokar wuya na fizgo haƙarƙari na farko sama tana kai shi kusa da ƙashin wuya, ita kanta tana ƙara tauri, jijiya kuma a tsakani. Ga kai da ya kai kilo 5 yana rataye a gaba su ne dai ke riƙe shi. Da ya faɗi haka na yi shiru, don na san yadda nake zama.

Sai maganar ƙarfin tsakiyar jiki, wadda da farko na ɗauka irin na 'yan jim ne masu neman ciki ya yi layi-layi. Ba shi ba ne. Ya ce tsokoki ne na can ciki, dayafiram a sama, tsokokin ƙasan mara a ƙasa, wata tsoka da ta zagaye ciki ta gefe zuwa gefe, da wasu ƙanana a jikin ƙashin baya, su ke haɗuwa su riƙe gangar jiki kafin hannu ya motsa. Da ya ga ban gama kamawa ba sai ya ce, Malam in teburin kekenka na rawa, ƙafafunsa sun saki, me kake yi? Na ce dole in danne shi da hannu ina ɗinkin. Ya ce to haka wuyanka da kafaɗarka suke yi, suna danne abin da ya kamata a ce ƙasa ce ta riƙe. Daga baya na bincika a waya na ga ba ƙirƙirarsa ba ce, a 1996 wasu masu bincike a Jami'ar Kwinslan ta Ostireliya, Paul Hodges da Carolyn Richardson, sun nuna cewa a jikin mai lafiya tsokar nan da ta zagaye ciki tana ɗaurewa tun kafin tsokar kafaɗa ta ɗaga hannu, a masu ciwon baya kuma tana makara. A kan ciwon baya suka yi nasu, ba a kan TOS ba, kuma shi ma likitan ya faɗa min cewa gyaran numfashi da ƙarfafa ciki ɓangare ne na aikin, ba su ne duka ba. Wani abin da na gani kuma, sunan TOS ɗin kansa a 1956 ya fara fitowa, a rubutun Peet da abokan aikinsa na asibitin Mayo a Amurka, kuma rubutun a kan motsa jiki ne a matsayin magani. Ke nan tun lokacin an san motsa jiki a matsayin maganin wannan ciwo.

Darasin farko a kwance aka yi shi, rigingine, gwiwa a tanƙware, hannu ɗaya a ƙirji ɗaya a ciki, ya ce na ƙirjin kar ya motsa. Kai, abu kamar wasa amma na kasa, ina ja kafaɗa na tashi. Sai ya hango tef ɗin awo a aljihun rigata ya ce miƙo min. Ya zagaya shi a ƙasan haƙarƙarina ya ba ni bakin na riƙe ya ce, kai da ka san awo, ja numfashi ta hanci ka sa lambar nan ta motsa. Na ja, ko rabin inci bai tafi ba. Ya sa tafukansa biyu a gefen haƙarƙarina ya ce turo hannuna waje, kar ka turo ciki gaba da ƙarfi, gefe nake so da baya, sannan ka fitar ta baki a hankali ka ja shi ya fi shigarwar tsawo har ka ji haƙarƙarin sun sauka. Muna yi muna yi sai na ga tef ya fara zamewa a tsakanin yatsuna. Yana yi yana taɓa gefen wuyana da yatsa biyu, in ya ji ta yi tauri ya ce a'a, ka koma wuya, sake. Yanzu tef ɗin nan da shi nake yi a shago, yarana har sun saba gani.

Bayan numfashin ya ɗan zauna aka ƙara sauran. Akwai wanda kana kwance za ka ɗaga ƙafafu ka riƙa sauke ɗaya a hankali kana fitar da numfashi ba tare da bayanka ya bar ƙasa ba. Akwai na rarrafe, ka miƙa ƙafa ɗaya baya, in ka ƙware ka haɗa da hannun ɗaya gefen. Akwai na mayar da haɓa ciki don kai ya koma kan kafaɗa, da na tsayawa a bakin ƙofa a buɗe ƙirji a hankali, da na roba mai jawuwa don tsokokin da ke riƙe allon kafaɗa. Ƙa'idarsa guda ce a duka, in ka riƙe numfashi ko yatsu suka fara mutuwa to ka tsaya, ka wuce gona da iri. Shi ma da hannunsa yana sassauta tsokar wuyan yana danna haƙarƙarin farko ƙasa a hankali ina fitar da numfashi, akwai ɗan zafi amma in na tashi sai in ji kafaɗar ta yi sakayau.

Ga wani abu da nake so kowa ya ji, don ni ya ba ni mamaki. Duk wanda ya ga ka rankwafa sai ya ce maka miƙe, ja kafaɗa baya ka danna ƙasa, tsayuwar soja. Likitan ya ce ga mai TOS wannan na iya ƙara ta'azzara abin, saboda in ka ja kafaɗa baya da ƙasa da ƙarfi ƙashin wuya sauka yake ya ƙara kusantar haƙarƙarin farko, har ma akwai gwajin da ake yi da irin tsayuwar nan don a tayar da alamun. Ni kafaɗata ta dama ma ta riga ta zube ƙasa, don haka abin da ya koya min shi ne in ɗan ɗago ta kaɗan in bar ta ta zauna. Bel ɗin gyaran kafaɗa da ake tallatawa a Facebook da TikTok ma na tambaye shi, ya ce kar in saya.

Na'urori kuwa akwai su, fitilar zafi da wannan da ake manna maka faci a fata tana ɗan jan ka. Suna da daɗi ba ƙarya, har barci ke ɗaukata, amma daɗin zuwa dare ne, washegari in na hau keke an koma gidan jiya. A ganina su ne mafi ƙarancin amfani a duk abin da aka yi min, kuma duk wurin da ka je aka manna maka na'ura aka tafi aka bar ka, kullum haka, babu mai duba yadda kake zama ko numfashi, babu aikin gida, to kuɗinka kawai ake ci.

Ya sa na ɗauko masa hoton shagona a waya, yaro ya ɗauke ni ina ɗinki ta gefe. Da na ga hoton ni kaina na ji tausayin wuyan nan. Bencin ya yi ƙasa kuma ya yi nisa da keken, wutar ba ta haska allura sosai shi ya sa nake zura kai. Na canja kujera mai ɗan tsawo da wurin jingina, na matso da ita, na sa ƙwan sola daidai kan allura, na sa kafinta ya sauko da ƙarfen rataye kaya zuwa daidai ƙirji. Na daina maƙale waya tsakanin kunne da kafaɗa, na daina saɓo bandir ɗin shadda a kafaɗar dama in na je Kantin Kwari, mai baro nake ba. Hutu kuma ya ce kar in jira sai lokacin salla, duk sanda zan canja zare in miƙe in yi numfashin nan kaɗan. Kwanciya ma an gyara, ba hannu a ƙarƙashin kai ko sama da kai, in kwanta ta gefen mai lafiya in rungume filo.

Yanzu ƙorafi, kuma ina fata in sun ci karo da wannan su gyara don wurin ya cancanci ya fi haka.

Lokaci ba a bakin komai yake ba a wurin. Za a ce maka ƙarfe goma, ka rufe aiki ka taho, ka zauna har azahar ta kusa, kuma ba mai fitowa ya ce maka yi haƙuri ga abin da ya faru. Mai sana'ar hannu in ya bar shago asara yake, ya kamata su san wannan. Sannan 'yar risefshan tun ranar farko, tun kafin likita ya gan ni, take matsa min in biya kuɗin zama goma a dunƙule wai akwai ragi, to ta yaya kika san goma nake buƙata? Shi likitan da kansa daga baya ya rage min zuwa ya ce aikin a gida yake, in riƙa leƙowa jefi-jefi ana dubawa. Kuɗin kuma ba kaɗan ba ne, zama ɗaya ya kusa abin da nake samu a ɗinkin kaftani biyu, ba sa karɓar inshora, ga kuɗin mota. Talaka mai wannan ciwon zai sha wuya kafin ya jure.

Wanda ya fi ɓata min rai shi ne ranar da na je likitana ba ya nan aka haɗa ni da wani matashi. Ko fayil ɗina bai karanta da kyau ba, ya kama hannuna ya miƙe shi ya karkatar da kaina yana ja wai yana sassauta jijiya, ina ce masa ɗan'uwa yatsuna fa sun mutu yana cewa daure Alhaji haka ake yi. Daren nan ban yi barci ba, kuma abin ya ɗau kwanaki kafin ya lafa. Da na faɗa wa likitana ransa ya ɓaci, ya ba ni haƙuri, ya ce jijiyar laka ba a ja mata da ƙarfi, motsa ta ake a hankali a saki, kuma in dai ana yi alamun na ƙaruwa to a dakata. Daga ranar nake kira kafin in fito in tabbatar yana nan. Amma bai kamata a ce ingancin wuri ya rataya a kan mutum ɗaya ba.

Takardar motsa jikin da suke bayarwa ma da Turanci take, hotunan ƙanana an yi ta kwafinsu har sun dushe, dattijon da ke gadon kusa da ni juya ta kawai yake yi. Me zai hana a rubuta da Hausa ko a yi gajeren bidiyo a tura ta WhatsApp? Ni sai da na roƙi likitan na ɗauke shi a waya yana nunawa. Labulen kuma bai kai bango ba, duk abin da ake faɗa wa na kusa da kai kana ji. Abin yabo a nan dai suna da likita mace da ɗaki daban na mata, kuma wurin da tsabta, ana canja zanin gado, in an ɗauke wuta suna tayar da janareto.

Sakamako fa? Alhamdulillahi, amma kar wanda ya zata abin dare ɗaya ne. Makonnin farko ban ga wani abin kirki ba sai barci da ya ɗan gyaru, har na fara tunanin dainawa, uwargida ce ta ce tunda an biya a ƙarasa. Sannu a hankali farkawar dare ta ragu, ciwon ƙeya ya tafi, almakashi ya daina faɗuwa, bayan wasu watanni na iya ɗaga hannu a addu'a har a shafa. Ban warke ɗari bisa ɗari ba, lokacin ɗinkin salla da muka riƙa kwana a shago ya dawo min, sai dai yanzu ina ganewa tun yana nesa, in na ji kafaɗa ta fara hawa kunne sai in ajiye aiki in kwanta a kan tabarma in ɗauko tef.

Akwai waɗanda bai kamata su fara da fisiyo ba sam, likitan ya nanata min wannan kuma amana ce in isar. In hannu ya kumbura gaba ɗaya farat ɗaya ya yi nauyi ya canja kala ya yi duhu, jijiyoyi suka fito a kafaɗa da ƙirji, wannan na iya zama gudan jini ne ya toshe jijiya, kuma yana faruwa har ga matasa majiya ƙarfi bayan aikin ɗaga hannu mai yawa. In hannu ya yi fari ya yi sanyi ƙalau ga zafi mai tsanani, ko wani ciwo ya fito a kan yatsa ya ƙi warkewa. In naman tafin hannu a gindin babban yatsa ya fara zaizayewa. In hannun hagu ne tare da ciwon ƙirji da gumi da haki, ko baki ya karkace magana ta sarƙe. Duk waɗannan asibiti ne kai tsaye a ranar, ba kemis ba, ba wanzami ba. Su irin na jijiyar jinin nan sau da yawa sai an haɗa da maganin tsinka jini ko tiyata, inda ake cire haƙarƙari na farko ko a yanke tsokar sikalin don a buɗe hanya. Irin nawa kuwa ana ba wa motsa jiki watanni tukuna kafin a yi zancen wuƙa.

Wanda kuɗin kilinik mai zaman kansa ya fi ƙarfinsa, Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano duk suna da sashen fisiyo, kuma Jami'ar Bayero na yaye masu wannan karatun, don haka ƙwararru akwai su a gari. Duk inda za ka je ka tambaya ko mai duba ka na da rajista da hukumar MRTB, ita ke ba su lasisi a Najeriya, don yanzu masu tausa da yawa sun sayi na'ura sun sa farar riga. Ka tafi da hoton wuyanka in ka yi, da sakamakon suga, da riga mai sauƙin cirewa, ka kuma sa wani ya ɗauke ka hoto ta gefe kana bakin aikinka ka nuna musu tun zuwan farko.